Gidan Tarihin Tsohuwar Izumo: abin da ke ciki da yadda ya kamata a kalle shi

Da ka shiga babban zauren wannan gida, abin da zai fara tare ka kututture ne guda uku, baƙaƙe wuluk, a cikin akwatin gilashi, sun haɗa kai kamar duwatsun murhu. Kowanne kaurinsa ya haura mita ɗaya, ukun a haɗe sun kai kusan mita 3. Itacen sugi ne, kuma gindin ginshiƙi ɗaya ne tak daga cikin tara da suka taɓa ɗaukar babban ɗakin bauta na Izumo Taisha, tsohon wurin bautar gargajiya a Japan, wanda ke maƙwabtaka da gidan tarihin daga yamma. A shekarar 2000 aka tono su a harabar wurin bautar, ana shirin gina wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da ke kwance a ƙasan wurin ne ya hana su ruɓewa. Matso kusa za ka ga sawun gatari a jikinsu da ramukan da aka fafe don zura igiyar ja. An same su a cikin rami da aka cika da manyan duwatsu, har da ragowar jan fenti a jikin itacen. Binciken shekarun itacen ya kai masana ga ginin da aka kammala a 1248.

Ka riƙe wannan shekarar da kyau, domin kusan duk kuskuren da baƙo ke yi a gidan nan daga cakuɗa shekaru yake farawa.

Gidan na jihar Shimane ne, a yammacin tsibirin Honshu, ɓangaren da ke fuskantar Koriya. An buɗe shi a watan Maris na 2007, kuma Fumihiko Maki ne ya zana ginin: gilashi da faffaɗan ƙarfe mai launin tsatsa, don tunawa da sana'ar narka ƙarfe da yankin ya yi suna a kanta. Aikinsa shi ne ya ajiye abin da tsofaffin littattafai suka faɗa game da Izumo, tsohon lardin da ke wannan yanki, kusa da abin da aka haƙo daga ƙasar Izumo, ya bar mai kallo ya auna. A wannan aikin, da wuya ka samu gidan tarihi na lardi a Japan da ya kama ƙafarsa.

Littattafan uku ne, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai yi ta kallon kaya ne kawai. Kojiki an gama shi a 712, Nihon Shoki a 720, duka biyun a fadar Nara, don kafa hujjar sarautar gidan Yamato, wato gidan sarakunan Japan. A cikinsu Izumo ƙasa ce da abin bautarta, Okuninushi, ya gina, sannan manzannin sama suka sauka a gaɓar Inasa suka nemi ya sallama ta. Ya yarda bisa sharaɗin a gina masa fada mai kaurin ginshiƙai, wadda ƙahonnin rufinta za su doshi sama. Na ukun shi ne Izumo no Kuni Fudoki, wanda aka kammala a 733. A 713 fada ta umarci kowane lardi ya rubuto sunayen garuruwansa da asalinsu, albarkatun ƙasa, kyawun gonaki da labaran dattawa. Biyar ne suka rage daga cikin waɗannan rahotanni, kuma na Izumo ne kaɗai ya iso hannunmu kusan a cike. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne 'yan ƙasa ne suka rubuta shi, ƙarƙashin kulawar Izumo no Omi Hiroshima, basaraken gargajiya na lardin. Waƙa a bakin mai ita ke nan, kuma ba ta yi daidai da ta fada ba. Macijin nan mai kai takwas da wani abin bauta mai suna Susanoo ya kashe, wanda Kojiki ya ajiye a Izumo, babu shi sam a cikin Fudoki. Miƙa ƙasa kuwa, a nan abin bautar cewa ya yi ya bar wa jikan sama, wanda gidan Yamato ke cewa daga gare shi suka fito, sauran ƙasashen da ya gina, amma Izumo zai riƙe ta, ya kewaye ta da korayen duwatsu. Duk wanda ya taɓa zama ya gwada labarin Bayajida da abin da dattawan wani gari ke faɗa game da asalinsu ya san irin wannan saɓani, ya kuma san cewa a cikin saɓanin tarihi yake ɓuya.

Ɗakin farko na Izumo Taisha ne. A tsakiyarsa akwai samfurin ɗakin bautar da aka rage zuwa kashi ɗaya cikin goma, bisa tsawon mita 48, da doguwar matakala da ta miƙe daga ƙasa har ƙofa. An sa 'yan mutum-mutumi farare a kan matakalar don ido ya gane girman abin. Daga ina aka samo mita 48? Al'adar wurin bautar ta ce ginin na yanzu, wanda aka yi a 1744, tsawonsa mita 24 ne, na gabaninsa ya ninka haka, na can farko kuma ya sake ninkawa zuwa 96. Akwai kuma wani littafin koyar da 'ya'yan manya na shekarar 970, Kuchizusami, da ya jera manyan gine-ginen ƙasar ya sa na Izumo a gaba, sai zauren babban gunkin Buddha na Todaiji a Nara, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 45. Sannan gidan Senge, masu gadon limancin wurin, sun adana wani tsohon zane da ke nuna ginshiƙai tara, kowanne itace uku a ɗaure da zoben ƙarfe, da matakala mai tsawon kusan mita 109. Shekara da shekaru mutane da yawa suna ɗaukar zanen nan a matsayin ƙari da zuzutawa, sai ga itace uku a haɗe sun fito daga ƙasa. Gani ya kori ji.

Amma kada samfurin nan ya cinye maka hankali. A kusa da shi akwai wasu ƙananan samfura guda biyar, kashi ɗaya cikin hamsin, waɗanda masana gine-gine biyar suka tsara na ginin 1248. Hujjarsu ɗaya, ginshiƙan nan, amma tsawon da kowanne ya fitar daban, wani gajere wani dogo ƙwarai. Dalili kuwa a fili yake: gindin ginshiƙi yana faɗa maka kauri da tazarar da ke tsakanin ginshiƙai, ba ya faɗa maka inda itacen ya ƙare a sama. Wannan jeri na biyar shi ne abu mafi gaskiya a ɗakin, kuma abin yabo ne da masu gidan suka bar saɓanin a fili ba su zaɓi ɗaya sun binne sauran ba. Inda tsarin ya gaza shi ne girman babban samfurin yana danne su, baƙo mai sauri ya ɗauki hoto ya fita da yaƙinin cewa an tabbatar da mita 48. Ba a tabbatar ba. Haka nan itacen 1248 ya zo ne fiye da shekara 500 bayan Kojiki, don haka ba zai zama shaidar fadar da littafin ya ambata ba. Abin da yake nunawa shi ne mutanen wurin sun daɗe suna ɗaukar tsawo da kauri a matsayin haƙƙin wannan ɗaki, har suna yin ginin da rubuce-rubucen zamanin Heian da Kamakura, wato zamunan da suka biyo bayan na Nara, suka ce ya sha faɗuwa.

Ɗaki na biyu na Fudoki ne, kuma shi mutane suka fi wucewa da sauri, alhali ya cancanci rabin sa'a. An sake gina kasuwar Asakumi, wadda littafin ya kwatanta a bakin mashigin ruwa inda ake kafa tarkon kifi, jama'a suna taruwa ana ciniki. Littafin ya lissafa gundumomi tara, da tazarar hanyoyi, da gadoji, da tsirran magani, da wuraren bauta 399, waɗanda 184 daga cikinsu ke rajistar gwamnati, 215 ba sa ciki. A nan ne kuma za ka ji labarin jan ƙasa: wani abin bauta mai suna Yatsukamizu Omitsuno ya ga Izumo ta yi ƙanƙanta, sai ya yanko ƙasa daga Silla ta Koriya da daga Koshi, can gabas a gaɓar tekun Japan, da wasu wurare, ya jawo su da igiya ya ɗinke. Duwatsun Sanbe da Daisen su ne turakun da ya ɗaure igiyoyin, dogayen gaɓoɓin yashi biyu kuma su ne igiyoyin. Ka duba taswira kafin ka karanta shi. Za ka ga labarin ya bi zirin Shimane yanki-yanki daga yamma zuwa gabas, kuma wuraren da aka ce an yanko ƙasar wurare ne da mutanen Izumo ke hulɗa da su ta teku.

Sai ɗakin tagulla, wanda shi kaɗai ya isa dalilin tafiyar. Bango guda ne cike da takubba. A ƙasa na ainihin ne, sun yi kore shar saboda daɗewa a ƙasa, a sama kuma kwafinsu ne masu sheƙi kamar zinariya, wato launin da suke da shi ranar da aka zuba su. Wannan dabara ta sa biyun tare tana da amfani sosai, domin wanda ya ga kore kaɗai ba zai fahimci abin da manomin shinkafa na shekara dubu biyu da suka wuce ya gani a hasken rana ba.

Takubban 358 ne, daga Kojindani, wani ɗan kwari a Hikawa. A 1983 ana duba hanyar da za a shimfiɗa wa manoma aka tsinci ɓallin tsohuwar tukunya, wannan ya sa aka yi tono a 1984. An same su a gefen tudu, a wani wuri da aka sassaƙe aka daidaita, an jera su a kan kaifinsu, manne da juna, layi huɗu: 34, 111, 120 da 93. Kowanne tsawonsa wajen santimita 50, nauyinsa wajen rabin kilo. Kafin ranar, duk takubban tagulla na zamanin Yayoi, wato zamanin da noman shinkafa ya bazu a ƙasar, da aka taɓa samu a faɗin Japan ba su wuce kimanin 300 ba. Shekara ɗaya bayan haka, taku kaɗan daga wurin, kimanin mita 7, aka sake tono ƙararrawa 6 da kawunan mashi 16 a rami ɗaya. Wannan na biyun ya girgiza masana ta wata fuska daban. An saba koyar da cewa mashi na arewacin tsibirin Kyushu ne, ƙararrawa kuma ta yankin Kinki ce, wajajen Osaka da Nara, kowane yanki da kayan ibadarsa. Ga su nan kwance tare a Izumo.

Ka sunkuya ka dubi gindin takubban, ɗan guntun da ke shiga ƙota. A kan 344 daga cikinsu an buga alama mai kama da ×, da kurfi, bayan an gama zubi. Ka kuma lura da siraransu da rashin kaifin kirki. Waɗannan ba na yaƙi ba ne, kayan biki ne da ibada.

Ƙararrawa 39 da aka tono a wani wuri daban, Kamo Iwakura, suna tsaye a ɗaki ɗaya da takubban, kowace a fili yadda za ka zagaya ka ga zanen jikinta: barewa, mazari, kunkuru, har da fuskar mutum. Babu wani wuri guda a Japan da ya ba da ƙararrawa masu yawan haka. Girma biyu ne, manya wajen santimita 45, ƙanana wajen 30, kuma an binne su ne ƙarama a cikin babba. Wurin bai fi kilomita 3 da ɗoriya daga Kojindani ba, tsauni ne a tsakani, kuma 14 daga cikinsu suna ɗauke da irin alamar × ɗin nan a marataya. Wasu an zuba su a mazubi ɗaya da ƙararrawar da aka samu a wasu larduna masu nisa, ana gane haka ne ta tabon tsagewar mazubin, wanda ke fitowa a wuri ɗaya a jikin kowace, yana ƙara faɗi daga zubi zuwa zubi. Akwai kwafi da aka rataye don baƙo ya kaɗa ya ji amonsa.

Bambancin yadda aka samu kayan wuraren biyu darasi ne babba. Kojindani masana ne suka tone shi a tsanake, saboda haka an san matsayin kowane takobi. Kamo Iwakura kuwa motar haƙa ce ta tumɓuke shi a watan Oktoban 1996 ana aikin hanya, kafin a ankara an ciro mafi yawan ƙararrawar an tara a gefe. Kaɗan ne suka rage a mazauninsu, sai da aka bi sawun da suka bari a jikin ƙasa da ƙasar da ta maƙale a cikinsu aka sake gano yadda aka jera su. Ka dubi wasu za ka ga raunin haƙorin motar. Kayan wuraren biyu, guda 419, duk suna da matsayin Dukiyar Ƙasa, na Kojindani tun 1998, na Kamo Iwakura tun 2008.

To me wannan tarin ya tabbatar? Kafin 1984 akwai manyan masana da ke ganin Izumo ta cikin Kojiki ƙirƙira ce ta marubutan fada, waɗanda ke buƙatar abokin hamayya a labari. Wannan ra'ayi bai sake tashi da ƙarfinsa ba. Mutanen da suka iya tara tagulla mai yawan haka, alhali ɗanyen ƙarfen daga nahiyar Asiya yake zuwa, suna da shugabanci da hanyoyin ciniki. Iyakar abin da kayan ke faɗa ke nan. Ba su zo da rubutu ba, kuma ba a binne su da tukwanen da za su ba da shekara daidai ba, shi ya sa ake kintata lokacin binnewar a wajajen farkon ƙarni na ɗaya, da tazara gaba da baya. Tsakaninsu da Kojiki akwai kusan shekara 700. Za ka ji masu cewa takubba 358 sun yi kusa da wuraren bauta 399, wai kowane wuri ya kawo ɗaya. Lissafin yana da daɗin ji, amma adadin bai yi daidai ba, ga kuma ƙarnuka bakwai a tsakani. Wadda ta fi jan hankali ita ce maganar Fudoki kan ƙauyen Kanbara, cewa nan ne babban abin bautar ya tara dukiyarsa ya ajiye, kuma Kamo Iwakura a wannan yankin take. Nihon Shoki ma yana da labarin wani shugaban Izumo, Furune, da ya kashe ƙanensa saboda ya miƙa wa fadar Yamato kayan tsarki na ƙasar ba da saninsa ba. Mai yiwuwa wani tuni ne ya rage a bakin mutane, amma a matsayin mai yiwuwa ya kamata a riƙe shi.

Daga Kanbara ɗin ne kuma aka samu madubin tagulla da ke gaba kaɗan, a wani tudun kabari da aka tone a 1972 ana gyaran gaɓar kogi. Rubutun jikinsa na ɗauke da shekarar sarautar Wei ta Sin da ta yi daidai da 239, lokacin da tarihin Sin ya ce sarauniya Himiko ta Japan ta aika manzanni aka ba ta madubai 100. Kada ka yi saurin cewa ga ɗaya daga cikin ɗarin. Irin wannan madubi mai baki kusurwa uku an samu fiye da 500 a Japan, kuma har yau ana jayayya kan ko a Sin aka ƙera su ko a gida.

Ragowar gidan kuwa na tarihin jihar ne baki ɗaya: baƙin dutsen tsibiran Oki, sana'ar duwatsun ado, narka ƙarfe daga yashi, da ma'adinin azurfa na Iwami. Yana da kyau, sai dai wanda lokacinsa ya ƙure zai iya ratsa shi a minti ashirin. Akwai kuma ɗakin gajerun fina-finan tatsuniyoyin. Ya fi dacewa a kalle su kafin a shiga ɗakunan kaya, musamman ga wanda sunayen suka yi masa yawa, amma a sani labarin ake nunawa, ba bincike ba.

Babbar matsalar baƙo ita ce harshe. Cikakken bayani da Japananci yake, abin da aka fassara bai kai shi zurfi ba, don haka ka nemi na'urar bayani ta kunne a teburin shiga, kuma ka karanta labarin miƙa ƙasa da na jan ƙasa tun daga gida. Matsala ta biyu lokaci ce. Mafi yawan mutane suna zuwa ne bayan sun gama zagaya Izumo Taisha, ƙafa ta gaji, sai su ba gidan minti arba'in. Ka juya tsarin: fara da gidan tarihin da safe, ka ba shi sa'a biyu da rabi, sannan ka shiga harabar wurin bautar. A gaban matakalar ƙofar ciki an yi alamar da'ira uku-uku a daɓen ƙasa, daidai inda aka tono ginshiƙan, kuma wanda ya riga ya ga itacen ne kaɗai zai tsaya a kansu. Daga can gaɓar Inasa tafiyar kusan minti 15 ce a ƙafa.

Isa wurin ba wuya. Daga Okayama jirgin ƙasa na Yakumo yana kai mutum tashar Izumoshi cikin kimanin sa'a uku, daga Tokyo kuma akwai jirgin dare na Sunrise Izumo, ko jirgin sama zuwa filin Izumo. Daga Izumoshi sai a hau bas, ko jirgin Ichibata a sauya a Kawato a sauka a Izumo Taisha-mae, daga nan tafiyar ƙasa da minti goma ce. An rufe gidan a watan Afrilun 2025 don babban gyaran gini, saboda haka a duba shafinsu na intanet a tabbatar da ranakun buɗewa da kuɗin shiga kafin a yanki tikiti. Kafin rufewar yen 620 babba ke biya, kuɗin da bai kai na kwanon taliya ba. Taliyar garin kuwa, soba da ake kawowa a ƙananan akusa uku a ɗore, romonta yawanci da mirin ake haɗa shi, wato giyar shinkafa ta girki, don haka mai kiyaye halal ya tambaya kafin ya zuba.

Wanda ke da kwana biyu ya ware na biyun ga wuraren da kayan suka fito, kuma mota ta haya ta fi, domin bas ba ta da yawa a ƙauyukan. A Kojindani an mayar da kwafin takubban daidai inda aka same su, a gefen tudun, kuma sai ka tsaya a wurin za ka ga yadda kwarin yake a ɓoye, ba kan hanyar kowa ba. A Nishidani, kusa da tsakiyar birnin Izumo, akwai manyan kaburbura masu kusurwa huɗu da suka miƙe waje kamar ƙafafun buzu da aka shanya, an lulluɓe gefensu da duwatsu. Na uku a cikinsu ya kai kimanin mita 40 a tsawo da 30 a faɗi, na ƙarshen ƙarni na biyu ne, an shimfiɗa wa mamacin jan garin ma'adini a akwatinsa, an kuma samu tukwanen da aka kawo daga Kibi, wato wajajen Okayama, da gaɓar Hokuriku da ke can gabas, a kansa. A lokacin da aka gina shi, mutanen Izumo sun riga sun daina binne tagulla.